Tour du Faso: yadda ake kallon tseren keke, da abin da ke tare wa 'yan Sahel hanya

Duk shekara a ƙarshen watan Oktoba, bayan damina ta ɗauke kuma kafin hunturu ya kankama, akan rufe wasu manyan hanyoyin Burkina Faso na 'yan sa'o'i saboda masu tseren keke. Malamai kan fito da 'yan makaranta su jeru a bakin kwalta, masu rumfuna su bar ciniki, jandarmomi su wuce a kan babura suna jiniya, sannan ayarin mahaya ya zo ya wuce kafin mutum ya gama tantance launin riguna. Gasar Tour du Faso ke nan. An fara ta a 1987, tana ɗaukar kimanin kwana goma, kuma a Afirka ta Yamma babu gasar keke da ta kai ta suna.

Wanda bai saba kallon wasan ba yakan koma gida da ɗaurewar kai. Ya ga mutum uku sun tsere wa kowa tun da safe har sun ba da tazarar minti biyar, amma da aka iso layin ƙarshe babu ko ɗayansu a cikin goman farko. Ya ga wani mahayi ya ja baya da gangan zuwa wurin mota, ya cusa gorunan ruwa a cikin rigarsa, ya dawo yana raba wa abokansa. Sannan ya ji a rediyo cewa mutum na iya ɗaukar gasar gaba ɗaya ba tare da ya zo na ɗaya ko a rana guda ba. Tushen duk wannan ɗaya ne, wato iska.

Abin da iska take yi wa mahayi

Mai keken da ke tafiya a hankali zuwa kasuwa bai cika damuwa da iska ba. Abin da ke ja masa baya shi ne nauyin kaya da yashi da taya mai laushi. Da zarar gudu ya ƙaru, lissafin ya canja. Idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska takan ninka sau huɗu, ƙarfin da ƙafa za ta kashe wajen keta ta kuma ya ninka sau takwas. A gudun kilomita 40 a sa'a, wanda shi ne abin da 'yan tsere suka saba yi a shimfiɗaɗɗiyar hanya, fiye da kashi 80 cikin 100 na wahalar mahayi wajen ture iska take ƙarewa.

Shi ya sa kan keken tsere yake a lanƙwashe kamar ƙahon rago, domin mahayi ya sunkuya ya rage faɗin ƙirjinsa, kuma shi ya sa rigunansu suke ɗame jiki. Amma babbar dabara ita ce fakewa. Wanda ya manne a bayan wani, tazarar tayoyinsu ba ta wuce tafin hannu ɗaya ko biyu ba, yakan huta da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. A cikin babban ayari, wanda masu sharhi da Faransanci ke kira peloton, rangwamen ya fi haka nesa ba kusa ba. Wani bincike da Farfesa Bert Blocken na jami'ar fasaha ta Eindhoven a Holand ya jagoranta a 2018, a kan ayarin mahaya 121, ya nuna cewa wanda ke daga tsakiya zuwa baya yana fuskantar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai na turjiyar da mai tafiya shi kaɗai ke fama da ita.

Yanzu a koma kan mutum ukun nan da suka ɓalle tun da safe, abin da ake kira échappée. Su uku ne ke karɓa-karɓar shan iska, kowa ya ja gaba na ɗan lokaci ya kauce ya koma baya. Ayarin da ke bin su kuwa yana da mutum gommai da za su yi wannan aikin, sauran kuma suna zaune a inuwa suna tara ƙarfi. Don haka ayari ba ya gaggawa. Yakan bar su su gaji, sai an ƙiyasta nisan da ya rage sannan a fara matsa feda. Tsohon ɗan tsere kuma mai sharhi a talabijin ɗin Faransa, Robert Chapatte, ya bar wani ƙiyasi da har yau ake kira da sunansa: ayarin da ya ƙudurta kamu yakan ci minti ɗaya a kowane kilomita goma. Ke nan wanda ke da tazarar minti uku alhali saura kilomita hamsin, ana iya cewa an kama shi tun bai sani ba.

To me ya sa suke ɓallewa? Saboda wani lokaci lissafin ayari yakan ruguje. Ƙungiyoyi kan tsaya kallon juna, kowa na jiran wani ya ɗauki wahalar bi, har lokaci ya ƙure. Akwai kuma kyaututtuka da maki da ake ajiyewa a tsakiyar hanya, ga sunan kamfanin da ya ɗauki nauyin ƙungiya yana ta fitowa a hoto na sa'a biyu. Ga mahayin da ya san ba zai iya gudun mita ɗari biyu na ƙarshe da gwanaye ba, ɓallewa ce kaɗai ƙofarsa.

A Turai duwatsu ne ke tarwatsa ayari, domin a hawa gudu yakan ragu, fakewa ta daina amfani, kowa ya koma ga ƙarfin huhunsa. Burkina Faso ba ta da irin waɗannan duwatsu; mafi tsawonsu, Tenakourou, bai kai mita 750 ba. Abin da ke raba mahaya a can shi ne zafi, da guntayen hanyar jan burji da akan sanya a wasu zanguna, da iskar gefe. Idan iska ta buso daga haggu, mafaka ba ta baya kai tsaye, tana daga baya ta dama. Sai mahaya su jeru a karkace kamar balbelu a sama. Amma faɗin kwalta mutum goma sha ne kawai zai ɗauka a irin wannan jeri. Duk wanda bai samu gurbi ba sai ya tsinci kansa a bakin hanya yana shan iska ita da shi, kuma cikin kilomita biyar ayari ɗaya ya zama uku. Faransawa na kiran wannan bordure. 'Yan Beljiyam da Holand, waɗanda suka girma a ƙasa shimfiɗaɗɗa mai iska, sun ƙware da shi, kuma yana cikin dalilan da suka sa ƙananan ƙungiyoyinsu kan yi kyau a Faso duk da zafin da ba su saba da shi ba.

Madugu da 'yan rakiyarsa

Mutum ɗaya ne ke hawa dandamali ya karɓi kyauta, amma ƙungiya ce ke kai shi. A Tour de France kowace ƙungiya na da mahaya takwas, a ƙananan gasa kamar ta Faso biyar ko shida. A cikinsu akwai wanda aka ɗora wa fata, sauran kuma aikinsu hidima: su sha masa iska, su ɗauko masa ruwa, su bi duk wanda ya ɓalle idan yana da haɗari, su ja shi ya dawo cikin ayari idan ya yi faci. Idan motar ƙungiya ta yi nisa, ɗan rakiya yakan cire tayarsa ko ya miƙa kekensa gaba ɗaya, shi ya tsaya a rana yana jira. Al'adar wasan ita ce kuɗin kyauta a tara a raba wa kowa, har da makanikai.

Kalmomin ayari da madugu da zango sun zauna wa wasan daidai, kuma ba baƙi ba ne a wannan ƙasa. Fataken Kano da Katsina masu zuwa Gwanja sayen goro sun daɗe suna ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi, kuma daga kalmar zango aka samo sunan Zangouettin, tsohuwar unguwar Hausawa a tsakiyar Wagadugu, wadda aka rushe a 2003 don aikin sabunta birnin.

Kowace rana zango guda ce, kuma tana da nata gwani. Amma gasar gaba ɗaya da lokaci ake auna ta. Ana tara lokacin da kowa ya ɗauka a zangon farko da na biyu da na uku har zuwa ƙarshe, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke sanya riga mai ruwan ɗorawa, al'adar da aka aro daga Tour de France, inda aka fara ta a 1919. Duk waɗanda suka iso layi a dunƙule lokaci ɗaya ake rubuta musu, na ɗaya da na hamsin. A ce wani ya shiga cikin waɗanda suka ɓalle a rana ta uku, ya zo na huɗu, amma ya riga babban ayari da minti biyu. Idan 'yan ƙungiyarsa suka tsare shi sauran kwanakin, bai yarda an bar shi a baya ba, to waɗannan minti biyun sun ishe shi cin gasar. Koriyar riga kuwa ta mai tara maki ce, galibi gwanin gudun ƙarshe.

Akwai kuma ƙa'idar da ba a cika ambata ba, amma ita ce ta fi tsorata ƙananan mahaya. Kowane zango na da wa'adi, wanda ake lissafawa daga lokacin wanda ya zo na ɗaya. Wanda ya wuce wa'adin an fitar da shi daga gasar, ko da ya kammala hanyar da ƙafarsa. A can ƙarshen jerin motoci akwai wadda ake kira voiture-balai, motar tsintsiya, mai kwashe waɗanda suka sare.

Daga Coppi zuwa Daumont

Alaƙar Wagadugu da tseren keke ta girmi gasar kanta. A watan Disamba na 1959, lokacin ƙasar tana Haute-Volta, an gayyaci manyan mahayan Turai su yi tseren nuni a birnin, cikinsu har da Jacques Anquetil da Raphaël Géminiani na Faransa, da Fausto Coppi na Italiya, wanda ya ci Tour de France sau biyu da Giro na Italiya sau biyar. Coppi da Géminiani duk sun koma gida da zazzaɓin cizon sauro. A Faransa an gano cutar Géminiani a kan lokaci, ya warke. A Italiya likitoci ba su gane ta Coppi ba, ya mutu ranar 2 ga Janairun 1960 yana da shekara 40.

Gasar Tour du Faso ta zo ne a shekarar ƙarshe ta mulkin Thomas Sankara, kuma wani ɗan Tarayyar Sobiyet ne ya ci ta farko. Daga 2001 zuwa 2008 kamfanin ASO, mai shirya Tour de France, ya sa hannu a tsarinta, abin da ya kawo mata ƙwararrun alƙalai da 'yan jaridar Turai. Bayan ya janye, da yawa sun zaci ƙarshenta ke nan, amma gwamnati da kamfanonin cikin gida suka riƙe ta. 'Yan ƙasar, waɗanda ake wa laƙabi da Étalons, wato ingarmu, sun ci ta sau da dama: Abdul Wahab Sawadogo a 2004, Jérémie Ouédraogo a 2005, Rasmané Ouédraogo a 2012, Abdoul Aziz Nikiéma a 2013, Harouna Ilboudo a 2016, Mathias Sorgho a 2018, Paul Daumont a 2023. Manyan abokan hamayyarsu daga Afirka su ne 'yan Maroko. Mali da Kodebuwa da Kamaru da Benin da Togo na cikin masu yawan aiko da mahaya.

A kundin hukumar tseren keke ta duniya, UCI, gasar ta shiga jerin gasannin Afirka tun 2005 da lambar 2.2. Biyun farko na nufin gasar kwanaki da yawa, na biyun kuma matakinta, wanda shi ne na ƙasa a gasannin duniya. Manyan ƙungiyoyin da ake gani a Tour de France ba su da izinin shiga irin wannan. Turawan da ke zuwa Faso galibi 'yan ƙananan kulob ne, wasunsu ma'aikata da ɗalibai da suka ɗauki hutu. Wannan bai rage wa gasar daraja ba, amma yana da kyau mai kallo ya san ma'aunin: wanda ya ci Faso ya taka matakin farko ne na tsani mai tsawo. Muhimmancin lambar shi ne maki. Da makin UCI ake jera ƙasashe, kuma da jerin ake raba guraben gasar duniya da ta Olamfik.

A nan ne abin damuwar yake. An soke gasar a 2014 saboda fargabar Ebola, a 2020 saboda korona, a 2022 kuma saboda matsalar tsaro da juyin mulkin ƙarshen Satumba. Da can takan je Ouahigouya a arewa da Fada N'Gourma a gabas, a kan hanyar Yamai, har ta taɓa ƙetare iyaka zuwa Sikasso a Mali da Bolgatanga a Gana. Hare-haren 'yan bindiga sun tsuke taswirarta, yanzu ta fi zagaya tsakiyar ƙasar da kudu. A 2024 kuma UCI ta cire ta daga jerin gasanninta na shekarar saboda halartar ƙungiyar CSKA ta Mosko, mai alaƙa da sojin Rasha, a lokacin da hukumar ta haramta wa irin waɗannan ƙungiyoyi shiga gasa saboda yaƙin Yukiren. An yi tseren, Mohcine El Kouraji na Maroko ya ci, jama'a sun cika hanya kamar kullum. Amma mahayan Afirka sun yi kwana goma suna zufa babu maki ko ɗaya. Ko wane ɓangare mutum ya ga ya fi gaskiya a rikicin, waɗanda suka biya kuɗin saɓanin ba su ne suka haddasa shi ba.

Ba Faso kaɗai ba ce. Tropicale Amissa Bongo ta Gabon, wadda aka fara a 2006 kuma take jawo ƙwararrun Turai na gaske, ta tsaya bayan juyin mulkin Agustan 2023. A Kamaru dai ana ci gaba da Grand Prix Chantal Biya, wadda aka fara a 2001, da Tour du Cameroun, wadda aka fara a 2003 kuma a wasu shekaru takan kai zangunanta arewa, wajen Garwa da Ngaundare.

Me ya sa Asmara, ba Wagadugu ba?

Ana yi wa Wagadugu kirari da babban birnin ƙafa biyu, saboda yawan kekuna da babura. Daga Maradi zuwa Marwa ma babu ƙauyen da ba za a samu mutumin da ke tuƙa buhun hatsi kilomita ashirin a kan tsohon Raleigh ko Phoenix ba. Ƙarfin ƙafa ba shi ne abin da yankin ya rasa ba. Duk da haka, baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zango a Tour de France daga Eritiriya ya fito.

Biniam Girmay, haifaffen Asmara a shekarar 2000, ya ci zango a Tropicale Amissa Bongo a 2019, ya ci tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam da zango ɗaya a Giro a 2022, sannan a 2024 ya ci zango uku a Tour de France ya ɗauki koriyar riga. Kafin shi, ɗan ƙasarsu Daniel Teklehaimanot ya sanya rigar gwanin hawan dutse na wasu kwanaki a 2015. Akan danganta wannan da tudu, kuma da gaskiya a ciki: Asmara na sama da mita 2,300, inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci har jiki ya saba yin jajayen ƙwayoyin jini da yawa, alhali Wagadugu na wajen mita 300. Amma Girmay gwanin gudun ƙarshe ne, ba na hawan dutse ba, kuma abin da irinsa ke bukata shi ne sanin wurin tsayawa a cikin ayari, da ƙarfin halin kutsawa tsakanin kafaɗu a gudun kilomita 60. Ba a koyon wannan a atisaye. A tsere ake koyonsa. Turawan Italiya sun bar wa Eritiriya al'adar keke tun zamanin mulkin mallaka, kuma a Asmara akan rufe tituna a yi tsere kusan kowane ƙarshen mako, har da na yara. Yaron da ya taso a can ya yi tsere ɗaruruwa kafin ya kai shekara goma sha takwas. Takwaransa na Sahel, idan ya yi sa'a, yakan samu 'yan kaɗan a shekara.

Sai maganar kuɗi. Dokar UCI ta hana keken tsere ya yi ƙasa da kilo 6.8, kuma irin wanda manyan ƙwararru ke hawa yakan haura yuro 10,000, wato fiye da miliyan shida da rabi na sefa. Taya da sarƙa da haƙoran giya kuma suna cinyewa, sai an yi ta saye, kuma daga waje ake kawo su. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye ta Najeriya sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin zaure da shi. Wanda ya tsallake wannan kuma sai ya ci karo da biza. Ƙwararrun ƙungiyoyi a Turai suke, kakar wasa na ɗaukar wata takwas ko tara, amma bizar gajeren zama ta Schengen kwana 90 take bayarwa a cikin kowane 180. Cibiyar horo ta UCI da ke Aigle a Suwizalan, inda Girmay ya je a 2018, tana ɗaukar 'yan kaɗan ne a shekara.

A watan Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar duniya, karo na farko a Afirka. Tadej Pogačar na Sulobeniya ya ci tseren maza mai nisan kilomita 267.5, da hawa da jimillarsa ta haura mita 5,000. Mutum 30 kacal suka kammala cikin fiye da 160 da suka tashi. Bikin ya yi kyau, ya kuma nuna abin da Ruwanda ta gina a kan gasarta ta Tour du Rwanda, amma hanyar da aka zaɓa ta yi wa mafi yawan mahayan nahiyar tsanani.

Ga mai sha'awar farawa

Ba kowa ne zai yi tsere ba, kuma ba dole ba ne. A biranen yankin ana ƙara ganin ƙananan gungu na ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai da ke fita da sassafe a ranakun hutu, wasu don rage teɓa, wasu saboda likita ya yi musu maganar hawan jini ko ciwon suga. Keke ya fi gudu da ƙafa sauƙi ga gwiwa, domin sirdi ne ke ɗauke nauyin jiki.

Keken hannu na alminiyam, irin wanda a Burkina da Kodebuwa ake kira France au revoir, ya isa a fara da shi. Abin dubawa shi ne girmansa ya dace da mai shi, jikinsa bai tsage ba, birki na kamawa, giya na shiga. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne barin sirdi a ƙasa kamar na keken gida, wanda ke kawo ciwon gwiwa. Ma'auni mai sauƙi: a zauna a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sosai ba tare da ƙugu ya karkace ba. Kuskure na biyu shi ne son giya mai nauyi, wai ita ce ta ƙarfafa. Gwanaye giya mai sauƙi suke juyawa da sauri, kimanin zagaye 80 zuwa 90 a minti.

Yanayin Sahel na da nasa sharuɗɗa. Lokacin fita shi ne bayan sallar asuba, a dawo kafin rana ta take. Goran keke rabin lita yake ɗauka, kuma a lokacin zafi ɗaya ba ya isar sa'a guda; a riƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta zo ba, a sa ɗan gishiri da suga idan tafiyar za ta wuce sa'a biyu, a riƙe dabino a aljihu. Ciwon kai da jiri da ɗaukewar zufa alamun bugun zafi ne, kuma maganinsu a sauka a nemi inuwa da ruwa nan take. Da azumi, abin da ya fi dacewa shi ne gajeren zagaye gab da shan ruwa ko bayan an yi buɗa-baki. Ƙurar hunturu na haɗuwa da mai ta zama kamar yashi a jikin sarƙa, don haka a riƙa gogewa kafin a ƙara mai. Tayar keken tsere siririya ce, tsidau ɗaya ya isa ya sace ta, kuma mai faci ba ya zama a kilomita talatin daga gari, saboda haka tub na biyu da ƙaramin famfo ba a barin su a gida.

Babban haɗari shi ne hanya kanta. Kwaltar da ta fi santsi ita ce wadda tireloli da manyan motocin fasinja ke bi, kuma galibi ba ta da gefe. Hular kwano wajibi ce, haka riga mai haske, da fitila idan za a fita kafin gari ya waye. A cikin gungu kuma akwai ladabi: na gaba ya nuna rami da hannu, kada a taka birki ba zato, kada tayar gaba ta shiga gefen tayar bayan wani, domin idan suka taɓa juna na baya ne ke faɗuwa, tare da duk wanda ke bin sa.

Akwai batun sutura, wanda ke hana wasu iyaye amincewa. Gajeren wandon tsere yana da soso a ciki don kare zama, kuma amfaninsa a nan yake. Ana iya sanya shi a ƙarƙashin dogon wando marar faɗin ƙafa da sarƙa ba za ta kama ba. Ga 'yan mata maganar ta fi nauyi, ko da yake a Burkina mace a kan keke abu ne na yau da kullum, kuma Awa Bamogo ta wakilci ƙasar a tseren mata na Olamfik a Paris.

Yaron da ya nuna alamar iyawa kuwa, lokaci ba ya jiran sa. Rukunan wasan da shekaru suke tafiya: cadet 15 zuwa 16, junior 17 zuwa 18, espoir 19 zuwa 22, kuma masu farautar mahaya sun fi zuba ido a kan biyun farko. Hanyar shiga ita ce kulob mai rajista da hukumar tseren keke ta ƙasar da yaron yake, wadda ke ba da lasisin shekara. Ga iyalan da ke zaune a wata ƙasa da takardun wata, akwai abin lura: ana iya karɓar lasisi a shiga kulob a ƙasar da mutum yake zaune, amma rigar ƙasa a gasar Afirka ko ta duniya takardar zama ɗan ƙasa take bi. Takardar haihuwa mai sahihin kwanan wata ita ce abu na farko da za a nema a wurinsa.